Godiyar da Na Yi wa Tsohon Fom

Ban taɓa mantawa da ranar Talatar da Malama Binta ta shigo ofishina rungume da tarin takardu ba, ko da yake abin ya faro ne mako biyu kafin nan, a cikin waya.

Mu shugabannin makarantun sakandare na cikin Katsina muna da zaure a waya, irin wanda mutum ɗaya ke aika saƙo kowa ya gani. Ni aka ɗora wa kula da shi, ba don na fi kowa iya waya ba, sai don ban iya cewa a'a ba. A nan ake tambayar yadda za a tsara jadawali idan malamin lissafi ɗaya ne tal a makaranta, a nan ake jin labarin zuwan sufetoci, a nan kuma ake sanar da ɗaurin aure da rasuwa. Gaskiya na ƙaru da zauren nan fiye da bitoci da yawa da aka tura ni, waɗanda ba abin da nake tunawa da su sai shinkafar rana.

A cikinmu akwai Alhaji Mamman, wanda ya daɗe da yin ritaya amma muka bar shi don albarka. Rabinmu shi ya koyar da mu, ni kuwa a ƙarƙashinsa na fara aiki. Idan ya yi magana a zaure, ba a bin bayanta sai da addu'a.

Malama Binta sabuwa ce a cikinmu. An ba ta wata makarantar 'yan mata ta wajen Ƙofar 'Yandaka a matsayin riƙon ƙwarya, wato sai ta cika shekara ba tabo a fayil ɗinta sannan a tabbatar mata da kujerar. A zango na biyu kowace makaranta kan miƙa wa ofishin shiyya makin gwajin 'yan ajin ƙarshe, kuma akwai ranar rufewa. Ta tambaya a zaure ko wani zai taimaka mata da fom ɗin, don wanda ta gada bai bar mata komai ba. Kafin kowa ya motsa, Alhaji ya turo hoton nasa.

Ina buɗewa na ga tsoho ne. An riga an canza shi, an ƙara gurbin lambar ɗalibi, an kuma raba makin gida uku maimakon biyu. Duk wanda ya daɗe riƙe da makaranta a cikinmu ya san haka. Amma wa zai fito gaban jama'a ya ce Baba ya yi kuskure? Sai godiya ta fara zuba, wannan na bin wancan. Ni ma na rubuta tawa, na ce Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. A raina na ce idan na je gaishe shi a gidansa na unguwar GRA ranar Juma'a zan gaya masa tsakaninmu, ya gyara da kansa. Juma'ar ta zo da taron iyaye, ta biyu kuma na sha'afa. Malama Binta kuwa ban kira ta ba, don na ɗauka wani ya riga ya bi ta bayan fage ya sanar da ita. Ashe kowa haka ya ɗauka.

Ta tara malamanta suka cike fom ɗin na kowace yarinya, ta kai ranar Litinin ɗin rufewa, aka ƙi karɓa. Don kada yara su cutu an ba ta kwana uku ta sake, amma an haɗa mata da takardar tuhuma, wadda kwafinta ke shiga fayil.

Washegari ta zo wurina neman sabon fom. Muka gaisa, ta tambayi iyali da gajiyar aiki, ba ta rage komai ba. Na ɗauko na ba ta. Ta duba shi a tsanake, sannan ta ce, "Malam, halan kai ma ka san wancan tsoho ne?"

Na ce na sani.

Ta ce, "Ni ban san Alhaji ba, ban taɓa ganin shi ba. Kai na sani. Da na ga ka yi godiya, sai na ce an gama magana."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta tattara takardunta ta tafi, ni kuwa kunya ta hana ni ko raka ta bakin ƙofa.

Da la'asar na je wurin Alhaji. Ya saurare ni har ƙarshe, ya sa tabarau, ya buɗe waya ya bi godiyar ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ya zaci muna ajiye da shi a zauren ne don yana da amfani, ashe lallaɓa shi muke yi kamar maras lafiya. A gabana ya tura saƙon murya a zaure ya nemi gafarar Malama Binta, ya ce daga yau duk wanda ya ga kuskurensa ya yi shiru bai yafe ba. Nan ma aka bi shi da "Allah ya ƙara girma".

Yara ba su rasa komai ba, don an miƙa makinsu cikin kwana ukun. Ita ce dai da shekara ta cika aka ƙara mata wata shekarar riƙo, saboda takardar nan.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu godiyar babba a ƙarƙashin takarda daidai take da sa hannu, don na ƙasa da ita yake aiki. Mu mun iya kare mutuncin na sama, ba mu cika waiwayar wanda zai ɗauki abin ya yi amfani da shi ba. Malama Binta tana nan a zauren har yau. Ba ta rubuta godiya. Duk wanda ya turo takarda, komai girmansa, tambaya ɗaya take yi masa: "Ta wace shekara ce?" Wasu na cewa ba ta da ladabi, ni kuwa nakan yi sauri in ba ta amsa.