Banatin Tsohuwar Sorau

A shekarun da nake malamin gona a Mubi, lokacin muna jihar Gongola, na ɗora wa kaina wani aiki da babu wanda ya sa ni: tara banatin Jamus, wato wuƙar nan da soja ke maƙalawa a bakin bindiga. Jamusawa sun riƙe yankinmu kafin Ingilishi su kore su a yaƙin duniya na farko, suka bar irin waɗannan wuƙaƙe a hannun mutane. Wasu na soke a rufin ɗaki, wasu ana fere rogo da su.

Da farko duk wadda aka miƙo mini karɓa nake yi. Sai daga baya idona ya buɗe. Wadda ba a taɓa ba, ƙarfenta ya yi duhu amma da santsi. A gindin ruwanta akwai sunan maƙeran, a gadon bayanta kuma wani ɗan tambari. Ƙotar katako ce da ta sha hannu har ta yi baƙi. Wadda aka gyara kuwa sai ƙyalli, rubutun ya shafe, kaifin ya zaizaye. Yawancin waɗanda ake nuna mini gyararru ne. In sha hanya a kan babur, in duba, in yi godiya, in juyo. Matata takan ce, "Maigida, abokan aikinka kaji suke kawowa daga ƙauye, kai kuma tsatsa."

Wata damina na je Sorau rabon taki, ruwa ya tsare ni, na fake a gidan wata tsohuwa. Ina zaune na ɗaga kai, sai ga wata banati a soke a jinka, har da kubenta na ƙarfe. Na roƙi tsohuwar, ta ce in sauko da ita. Na zare a hankali. Komai na nan, rubutu da tambari da ƙota, babu inda dutsen washi ya taɓa. Ban taɓa riƙe irinta ba.

Ta ce ta mahaifinta ce. Jamusawa suka kama shi ɗaukar kaya har Garwa. Ya dawo da wuƙar, da kuma ciwon baya da bai rabu da shi ba har ya rasu.

Na ce, "Inna, ko za ki bar mini ita?"

Ta ce, "Ba yau ba, Malam. Ɗana ya tafi Belel da shanu, sai na yi shawara da shi. Ka dawo bayan kaka."

Na jira. Da aka gama yankan dawa saƙo ya iske ni a ofis cewa in zo. Hanyar ta lalace, babur ya yi faci, na isa a jigace. Ɗan nata, magidanci mai fara'a, ya tarye ni tun daga ƙofa. Aka kawo nono na sha, sannan ya miƙo mini abu a naɗe cikin sabon ƙyalle.

Na warware. Tana ƙyalli kamar cokali. An sa mata ƙotar ƙahon sa da kuben jar fata. Na karkata ta wajen haske ina neman rubutun, babu ko alamarsa.

Ya ce da irin Hausarsa, "Malam, wuƙa ya yi kyau yanzu, ko? Na kai wa maƙeri a Belel, ya wasa shi, ya goge da yashi da lemon tsami. Inna ta ce abin kunya ne a ba baƙo abu da datti."

"Kuben ƙarfen fa?"

"Ai ya tsufa. Na bar wa maƙerin."

Tsohuwar tana kallona tana murmushi. Ta ce, "Ko babana bai taɓa ganinta haka ba."

Na yi godiya, na ƙara godiya, domin sun cancanta. Sun yi ɗawainiya saboda ni, sun ba ni abin da ya rage musu na mahaifin tsohuwar.

A hanyar komawa na tsaya a bakin mayo, wato rafi, na kashe babur, na zauna a kan yashi. Ba fushi nake ji ba. Gajiya ce kawai, irin wadda ke sauka a kafaɗu ta ƙi tashi. Daga ranar in an ce akwai banati a wani ƙauye, sai in ce to, in ƙi zuwa.

Da damina ta zagayo tsohuwar ta rasu, na je gaisuwa. Da zan tafi ɗan ya rako ni har bakin hanya, ya tambaye ni ko wuƙar tana nan da haskenta. Na ce tana nan. Ya ce in riƙa shafa mata man gyaɗa kada tsatsa ta dawo. Na ce zan yi, kuma na yi.