Kukan da Kawu Shiru Bai Ji Ba

A bakin Kaka na fara jin sunan. Ina ƙarama lokacin, na zazzage mata gwangwanin tsofaffin hotunanta a kan gado ina ta tambaya, wannan fa, wancan fa, har na zo kan wani siririn yaro da ya manna kunne a jikin rediyo, ya ɗaga hannu ɗaya kamar mai tsayar da mota.

"Wannan kuma wane ne, Kaka?"

"Shiru ne," in ji ta. "Yayan uwarki. Ke dai ba ki san danginki ba, sai cika ciki."

Ta ce yana da sunansa na gaskiya, amma tun yana yaro ba mai kiransa da shi. Duk rediyon da ta lalace a layinsu hannunsa take zuwa, kuma kafin ya kunna ta sai ya daka wa gidan tsawa: shiru! Har mahaifinsa sai ya riƙe tarinsa. Sunan ya bi shi makaranta, ya bi shi garin da ya je koyon sana'a, kuma da ya dawo da mata da akwatin kayan aiki, tare da sunan ya dawo.

Lokacin da na yi wayon zuwa wurinsa ni kaɗai, ya daɗe da barin rediyo ya koma gyaran laftof. Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin bene, a ƙarshen layin masu sayar da waya. Tebur ɗaya da aka shimfiɗa wa shuɗiyar roba, fitila mai lanƙwasa wuya, ƙananan sukundirebobi a cikin kofi, sai murafun kwalba da yake zuba kusoshi don kada na wannan kwamfutar su haɗu da na waccan. Akwai tsohon buroshin haƙori na share ƙura, da robar goge fensir da ya fi ji da ita a kan duk kayan. A bayansa kuma kanta ce mai hawa-hawa, inda yake jera kwamfutocin da ya yanke musu ƙauna. Ita yake kira maƙabarta.

Ba ya taɓa buɗe kwamfuta kafin ya saurare ta. Zai fara da tambayar mai ita: yaushe ta fara, ta faɗi ne, an zuba mata wani abu? Na taɓa ganin wata mata tana rantsuwa ba abin da aka yi wa tata. Kawu ya sunsuna madannan, ya ce, "Baiwar Allah, ni dai tambayata ɗaya. Shayin nata da madara take sha ko baƙi?" Matar ta rufe fuska da mayafi tana dariya.

Daga nan sai ya kashe fanka. Ya leƙa ya ce wa maƙwabcinsa, wani mai sayar da caja da kowa ke kira Mai Caja, ya rage kiɗan nan. Ya ɗaga hannu ya ce shiru, sannan ya danna maɓallin kunnawa.

Ni da yake ba na gajiya da tambaya, har ya raɗa min Tambayau, wata rana ya yi min bayani. Ya ce kafin kwamfuta ta nuna komai, sai ta fara duba jikinta gaɓa-gaɓa. In ta tarar da ciwo bayan fuskarta ta kawo haske, sai ta rubuta. In ta ce lokaci da kwanan wata sun ɓace mata, wani ɗan batir ne mai kamar maɓallin riga ya mutu a ciki. In ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba, ma'ajiyar da ke riƙe da hotuna da takardu ce ta goce ko ta gaji. Amma in ciwon ya riga hasken, ba ta da bakin rubutu.

"Jaririya ce a lokacin," in ji shi. "Kuka kawai ta iya. Kuma kowane kamfani da yarensa, kada ki ji na wannan ki fassara da na wancan."

A irin waɗanda aka fi kawo masa, gajeren kuka uku yana nufin ram, wasu 'yan siraran faifai da kwamfuta ke riƙe tunaninta a kai tana aiki, kuma sau da yawa datti ne kawai ko sassautawa. Dogo ɗaya da gajeru biyu, ɓangaren hoto ne. Wanda ya fi tsoro shi ne ba haske ba kuka. Nan sai ya sauke hannu ya ce bod ne, wato babban allon da komai ke zaune a kai, ya yi wa mai ita ta'aziyya kamar gaske. Da yawa sukan bar masa ita a kanta, wai ko wani abin nata zai yi wa wata amfani.

Dokarsa kuwa ba wasa. Daga ɗaga hannu har yanke hukunci ba mai cewa uffan, domin magana ɗaya takan ɓata masa ƙidaya. Bayan hukunci ma ba mai ja. Wa zai ja da kunnen Shiru?

Bayan rasuwar Kaka, gwangwanin hotunan hannuna ya dawo. Na ɗauki kowane hoto na zuba a tsohuwar laftof da yayana ya bar min, tare da muryarta da na naɗa tana lissafa wa ya haifi wa. Wata safiya na kunna, fuskarta baƙa ƙirin, sai wani siririn kuka. Na naɗe ta a zani na nufi shagon Kawu.

Ya yi tambayoyinsa. Ya kashe fanka, Mai Caja ya rage kiɗa ya zo ya jingina a bakin ƙofa yadda ya saba. Kawu ya ɗaga hannu ya danna.

Tit, tit, tit. Ta huta. Tit, tit, tit.

Na ji sanyi a raina, don na san wannan yaren. Ina jira ya ce ram ne. Amma Kawu na tsaye, kai a karkace, ido a lumshe, yana jira. Ya jira har ya gaji, sannan ya sauke hannu.

"Tambayau, sai haƙuri. Ko tari ba ta yi ba. Bod ne. Amma kada ki damu, hotunanki da muryar tsohuwa suna nan lafiya, zan cire miki ma'ajiyar."

Yana maganar tana kuka a gabansa. Na dubi Mai Caja. Ya sunkuyar da kai, ya ɗan girgiza min shi, alamar in bar zancen.

Na rasa yadda zan yi. Yayan mahaifiyata ne, ban taɓa musa masa ko a kan launin riga ba. Amma bakina ya riga ni.

"Kawu, tana kuka."

"Na'am?"

Na ɗaga murya. "Tana kuka, Kawu. Uku-uku."

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya kashe ta, ya sake kunnawa, ya kwantar da kunnensa a kan madannan, irin yadda ya yi wa rediyo a hoton nan. Ya juya ɗaya kunnen. Sannan ya miƙe a hankali ya dubi bakin ƙofa.

"Kai ma kana ji?"

"Ina ji, Maigida," in ji Mai Caja.

"Yau ka fara jin wadda ban ji ba?"

Mai Caja ya sosa ƙeya. "An ɗan kwana biyu. Tun wajen bara."

"Tun bara! Kana tsaye a nan ina cewa mutane kayansu sun mutu, ka zuba min ido?"

"To ai kai ka ce in ka ɗaga hannu kada wanda ya yi magana. Kuma na ce ko wani kukan ne da ba ya cikin lissafi. Ni fa caja nake sayarwa, Maigida."

Kawu ya juya ya daɗe yana kallon kantar da ke bayansa. Daga baya ya zauna, ya kwance bayan laftof ɗina, ya zaro ram, ya goge bakin ram ɗin da robar fensir, ya hure, ya mayar har ya ce ƙas. Ya danna, haske ya kawo. Kullum in aiki ya yi kyau yakan buga tebur ya ce "ta farfaɗo!" Ranar miƙo min ita kawai ya yi. Ina fita na ji yana jan ƙofar shago, rana tsaka.

Da na je gidansa, matarsa, da muke kira Inna, ta ja ni kicin. Ashe ita ma ta sani. Ta ce ya daɗe ba ya jin ƙarar wayarsa, buta ta yi ta yin fito a kan wuta yana zaune kusa da ita, amma in namiji mai kaurin murya ya yi magana yana ji sarai, shi ya sa bai zargi komai ba.

"Sau nawa na buɗe baki," in ji ta. "Amma ke ki duba min. Mutumin da kunnen nan ne abincinsa, shi ne sunansa, in dube shi in ce me?"

Daga baya ya je asibiti, aka ce haka abin yake zuwa, siraran sautuka ne ke fara tafiya, kuma ba sa dawowa. Aka ba shi ɗan abin saƙalawa a kunne. Ya kawo shi gida ya jefa a aljihun tebur. Makonni shagon na rufe. Ya ce wa Umma, mahaifiyata, zai sayar da kayan aikin. Umma ta yi ta ba shi baki a kan cewa kowa da lalurarsa, har ya katse ta.

"Ba kunnen ne ya dame ni ba. Kantar nan ce. Akwai ta wani ɗalibi da yake rubutun gama makaranta. Akwai ta matar nan mai buga wa mutane takardu a bakin titi, da ita take ci da yaranta. Na dube su na ce ta mutu, suka yi min godiya suka tafi. Da ransu na binne su."

Ni kaina na fara cewa da na yi shiru.

Wata safiya zan wuce ta layin na ga ƙofar a buɗe. Ya sauko da duk abin da ke kan kantar, ya jera a tebur da ƙasa har ba wurin taka ƙafa. Na tsaya ina kallo. Zai kwance bayan kowace, ya nemo 'yar lasifikarta, ya ɗora kan yatsansa a kai, sannan ya danna. Leɓensa na motsi. Kukan da kunne ya hana shi, a fatar yatsa yake ƙirga shi. Idonsa kuma na kan 'yar fitilar da ke ƙiftawa a gefen madannai, wadda wasu kwamfutocin ke faɗin ciwonsu da ita. Da can raina ta yake yi, yana cewa ta masu koyo ce.

Wasu da gaske sun mutu. Wasu kuma robar fensir kawai suke jira. Akwai waɗanda ya riga ya cire musu sassa ya sa wa wasu, waɗannan ya ware su gefe, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana nemo musu madadi.

Da ƙafarsa ya riƙa bin masu su. Ɗalibin ya gama makaranta da kwamfutar aro, ya karɓi tasa yana dariya yana cewa ta yi dogon suma. Mai buga takardu kuwa ta daɗe da tashi daga rumfarta, a gida ya same ta tana ɗinki. Ya faɗa mata gaskiya, bai rage komai ba. Ta karɓa, ta shafa murfin, ta ce, "Wani ya riga ya zauna a wurin nawa." Ko ƙofa ba ta raka shi ba. Da ya ba mu labari bai ga laifinta ba. Ya ce ko rabin abin da ya kamata ta faɗa masa bai ji ba.

Yanzu shagon na buɗe. Yana saƙala abin kunnen, ko da yake ya ce hayaniyar titi yake ƙara masa fiye da kukan kwamfuta, wani lokacin kuma abin da kansa sai ya ɗauki fito.

"Maigida, kai ma ka fara," in ji Mai Caja. "Uku-uku nake ji. A kawo robar fensir?"

"Zo in goge maka bakinka da ita, ko Allah zai sa ya yi aiki a lokacin da ake bukatarsa."

Har yau yana kashe fanka, yana ɗaga hannu, yana cewa shiru. Sai dai in ya sauke hannun ba ya yanke hukunci. Yakan juya ga mai kayan ya ce, "Me kika ji? Buga min a tebur." Za ka ga dattijuwa da ba ta taɓa sanin kwamfuta na magana ba tana ƙwanƙwasa tebur, dogo ɗaya, gajeru biyu, shi kuma yana gwadawa da abin da yatsansa ya gaya masa. Aikin ya fi da jinkiri, wasu masu gaggawa sun koma wani shagon. Kantar baya dai ba ta cika kamar da.

Ran da ya gama da ta ƙarshe a cikin waɗanda ya sauko da su, ina wurin, na kawo masa saƙon Umma. Ban taɓa ba shi haƙuri a kan abin da na faɗa ba, shi ma bai taɓa tayar da zancen ba. Na ajiye saƙon zan tafi, ya kira ni.

"Tambayau, dawo nan. Tsaya ta gabana inda zan ga bakinki."

Na tsaya.

"Abu ɗaya nake roƙonki. Ciwon kunnen nan gaba zai yi ta yi, wata rana ido ma zai bi shi, ko yatsan. Mutanen nan duk nauyina suke ji. Duk ranar da kika ji abin da ban ji ba, ko hannuna na sama, ko shagon cike yake da mutane, ki faɗa min. Da ƙarfi."