Rassan da Baba Mai Fulawa Ya Yanke

Tun da asuba, kafin masu shara su iso, Baba Mai Fulawa yake fara ban ruwa. Da bokiti yake bin layin wardin da ke jikin bangon ɗakin majinyata, gindi bayan gindi, yana shafa kowanne da hannu kafin ya zuba. Ni mai gyaran famfo ne a asibitin, nakan yi sammako in kunna injin ruwa, shi ya sa nake ganinsa.

Shi ya dasa wardin nan tun yana da baƙin gashi, kuma shi ya yi musu aure da hannunsa. Yakan samo gindin wardin jeji mai ƙarfin saiwa, ya tsaga shi, ya ɗaura masa reshen mai manyan jajayen furanni. A da majinyata kan roƙi a juya musu gado ya fuskanci taga. Baba ba mai yawan magana ba ne, sai in ka tsinke masa fure. Ranar za ka ji har sunan kakanka.

Shekarun nan sai abin ya lalace. Rassa suka yi tsawo har suka wuce taga, ganye shar, ƙaya kamar ƙusa, amma fure sai jefi-jefi, shi ma ɗan ƙarami, fari-fari, iska na kaɗawa ya zube. Masu shara suka fara tsokanarsa, wai Baba ya koma noman ƙaya. Da aka zo gyaran ɗakin majinyata, babbar nas ta ce in wardin ba za su ƙara yin fure ba, a tumɓuke su a daɓe wurin da siminti, a sa benci don masu zuwa dubiya.

Baba ya ce mata wardinsa lafiyarsu lau, bututun ɗakin wanki ne yake yoyo a ƙarƙashinsu, ruwan sabulu yana cin saiwar. Wato laifina. A gabana ya faɗa, bai ko dube ni ba. Ban iya musu ba, kuma na gaji da gardama tun ina yaro. Na je na ɗauko diga da shebur.

"Malam Famfo, a hankali," in ji shi. "Ba rijiya aka sa ka haƙa ba."

Na tona har na kai bututun. A bushe yake ƙayau, ko danshi babu. Amma tonon ya buɗe gindin wardi guda, sai na ga wani ƙulli kamar gwiwa. Duk guntayen da aka datse suna samansa, dogayen rassan nan kuwa daga ƙarƙashinsa suka fito. Ban san kome a kan fure ba, tambaya kawai na yi.

"Baba, me ya sa kake yanke na sama kana barin na ƙasa?"

Ya durƙusa. Bai kai ido wurin ba, hannu ya kai. Ya lalubi ƙullin, ya bi dogon reshe da yatsa har inda ya tsiro, ya dawo ya shafa guntayen. Ya rarrafa zuwa gindi na gaba ya tona da farce, sannan na gaba. Ƙaya ta yage masa bayan hannu bai kula ba.

Ƙullin nan shi ne wurin auren. Abin da ya fito samansa shi ne wardin kirki, na ƙasa kuwa ɗan jeji ne, wanda ake cirewa da zarar ya leƙo. Baba ya san wannan fiye da kowa a asibitin. Amma shekara da shekaru yana jin tsoffin rassa masu kaushi a hannunsa yana datsewa a kan sun mutu, yana barin masu santsi da ƙarfi, yana ba su taki.

Ya zauna a bakin ramin ya cire hula. Da ƙyar na ji abin da ya ce.

"Ba na gani, ɗana. Inuwa kawai nake gani."

Yanar ido ce ta rufe masa gani. Ɗakin likitan ido yana bayan ɗakin wanki, kullum sai ya wuce ta ƙofarsa da baro, amma bai taɓa shiga ba, don kada a ce ya tsufa a sallame shi. Na rasa inda zan sa idona, sai na shiga mayar da ƙasa a ramin.

Na ce masa ni ba zan faɗa wa kowa ba. Ya ce ai ba ni na yi wa mutum ƙarya ba, shi ne. Ya tashi da ƙasa a gwiwa ya tafi ofishin babbar nas. Daga baya ta gaya mini a tsaye ya yi maganar, kansa a sunkuye, ya ce bututu ba shi da laifi, shi da kansa ya kashe wardin. Ya roƙi a bar masa su har magina su gama cikin ɗakin. Ta yarda, da sharaɗin zai ga likita.

Daga ranar ya daina gaisawa da mutane sosai. A durƙushe yake wuni. Ya tone gindin kowanne, ya fizge 'yan jejin daga tushe, don in an yanke su da almakashi dawowa suke yi. Ya datse abin da ya bushe har sai ya ji ɗanye, ya sassauta ƙasa, ya zuba ruɓaɓɓen taki, ya rufe da busasshen ganye. Layin ya koma guntaye, abin ba kyan gani. Masu shara ba su ƙara tsokanarsa ba, kuma na lura shirun nasu ya fi yi masa ciwo.

Fiye da rabi ba su tashi ba, babu sauran rai a saman ƙullin. Shi ya tumɓuke su da kansa, ya hana ni kama masa baro. Sauran suka yi toho. Wata safiya ya kira ni ya ɗora yatsana a kan wani ɗan tsiro. Tohon wardin kirki ja yake fitowa, na jeji kuwa kore.

"Wane launi ne?"

"Ja-ja ne, Baba."

"Kada ka ji tausayina."

"Na ce maka ja ne."

Babbar nas ta zo ta duba, ta ce a daɓe inda suka mutu, a bar masu ran. Benci ya cinye rabin layin.

An sa masa ranar aikin ido, 'yarsa kuma ta ce daga nan gidanta zai wuce, ya huta haka. Ganina da shi na ƙarshe, yana zaune a ƙasa da tsohuwar rigar aikinsa a cinya, yana yaga ta siri-siri, yana ɗaura ƙyalle a kowane reshe na kirki, don wanda za a kawo a madadinsa ya san wanda ba a yankewa.