Malama Hassana, Wadda Ta Sauke Ledar Sadaka

Mai rayawa da kashewa ya karɓi abinsa. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Malama Hassana Isyaku Ƙofar Na'isa, ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini, ta koma ga Ubangijinta. An ce mini ba a tada tsohuwar rigima a ta'aziyya. To, ni zan tayar, domin a cikin rigimar nan na san ki.

Malama, a shekarar da na haifi Yusuf bakwaini, jarirai suka riƙa mutuwa a ɗakin da aka kwantar da mu a asibitin da kike aiki. Yaro yana shan nono lafiya, sai zazzaɓi, sai a ce ƙwayar cuta ta shiga jininsa. Nawa ma ya bi su. Manyan asibitin suka ce ƙazantar iyaye mata ce, wai ba ma wanke hannu. Maganar ta riga ni isa gida. Dangin mijina suka daina miƙo mini jariri in ɗauka.

Ke kaɗai kika ƙi yarda. Kika bi ɗakin da auduga, kika shafi famfo da gadaje, kika shafi tafin uwaye da na nas-nas, kika kai ɗakin gwaji. Hannuwanmu suka fita tas. Ƙwayar tana cikin ledar ƙarin ruwa da ke rataye a ƙusa bayan ƙofa.

Kowa ya san ledar nan. Duk wanda aka sallama da ragowar ruwa, sai ya bar shi sadaka ga marasa hali. Daga ciki ake zuƙa da sirinji a wanke robar jijiyar wannan jariri, a koma a zuƙa wa wancan. Alheri ake nufi, kuma shi yake kashe mana 'ya'ya.

Kika sauke ta da hannunki. Aka ce ba ki da tausayi, kin hana talaka sadaka, kin tona wa asibiti asiri. Aka mayar da ke wani ƙaramin asibiti a bayan gari. Amma daga ranar mace-macen suka tsaya, kuma babu wanda ya fito ya ba uwaye haƙuri.

Ke ce kika nemo gidanmu a lungun bayan kasuwar Kurmi, kika zauna a gaban surukata kika ce, "Gwaggo, Shamsiyya ba ta kashe ɗanta ba. Na ga abin da ya kashe shi da idona." Kafin ki tafi kika ɗauki jaririyar kishiyar ƙanwar surukar tawa kika ɗora mini a cinya.

A wajen zaman makoki na ji waɗanda suka kore ki suna cewa ke mai haƙuri ce. Ƙarya suke yi. Ba ki da haƙuri da abin da ke kashe yara, kuma don haka muke ƙaunarki.

Yanzu ina jin raɗe-raɗin ledar ta koma ƙusarta. Cikina wata takwas, Malama, kuma can zan haihu. Idan na gan ta, ba zan jira izinin kowa ba.

Ina yi wa maigidanki Malam Haruna da 'ya'yanki da mutanen Ƙofar Na'isa ta'aziyya. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Yaran da kika makara ba ki cece su ba, har da Yusuf ɗina, Allah Ya sa su tarbe ki a ƙofa.