Kawu ya gasa na'urar injinmu

Jama'a ku taimake ni, yau Kawu ya gasa min na'ura a murhu!

Kun san 'yan na'urorin nan uku da aka manna wa injin casar shinkafarmu a Gummi. Ba su da igiyar wuta, ko kwalin ashana ya fi su girma. Da inji ya ɗau zafi sai su turo saƙo a wayata, tun kafin boris, ƙarfen da ke juyawa a cikinsa, ya ƙone kamar bara.

Ina kasuwar Bukkuyum da hantsi sai waya ta hau kuka. Saƙon na'ura ne, wai zafi ya wuce iyaka! Na kira gida, ba a ɗauka ba. Na watsar da waken da nake tayawa, na haye kabu-kabu. Na ce shi ke nan, inji ya kama da wuta, ga shinkafar mutane jibge a ciki.

Na iso, inji a kashe, sanyi ƙalau. Na'ura ɗaya babu.

Na ce Inna, mi ya faru?

Ta ce tambayi Kawunka.

Kawu ya ce, "Ɗana, gode Allah. Sammu aka laƙa maka. Wanga abu har ido garai, yana ƙifta min ja!"

Na rantse masa kayan aiki ne. Ya ce ai haka sammu yake sa mutum ya kare shi.

Don Allah duk wanda Kawu ke jin maganarsa ya zo yanzu. Ya hango sauran biyun, ya tafi ƙaro itace!