Buhun Wayoyin Ba Madu

Tun tana aji uku a hannuna Rebeka Pindar ba ta iya zama wuri ɗaya. Da ta zama malamar jami'a, sai ta ɗauki tambaya guda ta riƙa yawo da ita cikin Maiduguri: su wa ke da hanyar sadarwa a garin nan, su wa aka bari a baya, kuma me hukuma ke yi a kai?

Shekara biyu ta yi tana bin unguwar Lamisula gida-gida, ta tara lambobin waya ɗari huɗu. Nufinta ta riƙa kiran masu su duk wata, ta rubuta kundin digirinta na uku da amsoshinsu. A watan Mayun 2013 aka katse layukan waya saboda rikicin 'yan tada ƙayar baya. Saura wata biyar wa'adinta ya cika, in ya wuce kuwa za a soke rajistarta.

Ta rame. Ta je wani ofis a GRA, unguwar manya, ta tarar ana aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, ta fito ranta a ɓace. Ta koma Lamisula, ta sake fita, ba ta san abin da take nema ba.

A Kasuwar Kifi ta Baga Road ta ga Ba Madu, wani direba da ta daɗe da sani, yana zuba wayoyi cikin buhu, kowace da takarda mai sunan mai ita.

"Ba Madu, sana'a ka sauya?"

"Malama, ke da tambaya! Ƙasar Bauchi zan kai su su sha iska, can layi na aiki. Saƙon da aka rubuta ya fita, na waje ya shigo, jibi in mayar wa kowa da tasa."

"Wanda ba shi da waya fa?"

"Ya faɗa mini da baki. In na manta, ya yi haƙuri."

Washegari ta shiga motarsa. Sau tara ta yi wannan tafiya, shinge bayan shinge, sojoji suna zazzage buhun, ita kuwa tana rubuta wanda wayarsa ta tafi da wanda aka manta da saƙonsa. Yawancin waɗanda aka manta mata ne masu gyaran kifi.

Ta yaga babi uku, ta sake rubuta su a kan wannan. Ta miƙa kundin saura kwana huɗu, aka karɓa. Ran da aka fara kiran ta Dakta ba ta tsaya walima ba. Kasuwa ta nufa da littafinta, domin akwai mata goma sha ɗaya da har lokacin ba ta ji ko saƙonsu ya isa ba.