Orest Mai Ƙirgen Tsibirai

Orest Hrynkiw ba ya leƙa madubin ƙara girma sai ya yi fito sau biyu, irin wanda ubansa ke kiran shanu da shi a gona. Shekara ashirin da shida yana haka a ɗakin gwajin wani asibiti a birnin Edmonton mai tsananin sanyi. Ba wanda ya hana shi, ba kuma saniyar da ta taɓa amsawa.

Aikinsa ƙirga tsibirai ne, wato 'yan ƙwayoyin nan masu daidaita sukari, da ake tatsowa daga jikin mamacin da ya bar su kyauta, a dasa wa mai ciwon sukari. Yakan ɗiga musu rini su yi ja, ya duba masu rai da matattu, manya da ƙanana. Ƙa'idar ɗakin ita ce kowane kilo na nauyin majiyyaci ya samu dubu biyar. In ba su kai ba, sai a ba shi haƙuri ya koma gida.

Uwargida Lacasse sau biyu ana ba ta wannan haƙurin. Ran nan karo na uku ne, tana ɗakin sama tun safe, ba ci ba sha. Orest ya ƙirga, abokiyar aikinsa Marivic ta ƙirga nata daban, suka haɗu a dubu ɗari uku da ashirin. Takarda kuwa ta ce matar kilo sittin da takwas ce.

"Ba su kai ba, tsoho," in ji Marivic. "Ƙara fiton mana, ko wasu na can wajen kiwo."

"Bakinki dai ba ya hutu. Wa ya auna ta?"

"Ka ga na yi kama da sikeli?"

Orest bai taɓa hawa wajen majiyyata ba, amma ran nan ya hau. Ya tarar da wata 'yar firit, wadda tari mai ƙarfi zai iya kayarwa.

"Baiwar Allah, da aka auna ki, me kike sanye da shi?"

"Abin da mai hankali ke sawa a Janairu mana, malam."

Ashe takalman ƙanƙara ne, da rigar sanyin marigayi mijinta. Aljihun rigar kuma kwalbar zuma, lemon kwali uku saboda faɗuwar sukari, sarƙar kare, da guduma.

"Guduma kuma?"

"Ƙofar motata kan daskare. Kai da me kake buɗe taka?"

Aka sake ɗora ta a sikeli ba kayan, kilo sittin da uku, tsibiran sun kai ke nan. Kafin la'asar an yi dashen.

Washegari Orest ya manna takarda a jikin sikelin, ya fara rubuta abubuwan da za a ajiye kafin a hau, kowanne da lambarsa. Duk majiyyacin da ya zo sai ya kawo masa sabon abin ƙarawa a jerin. Ranar da ya yi ritaya ya rubuta lamba ta talatin da ɗaya, kafin ya rubuta abin da ke bin ta aka kira shi ya yanka kek. Har yau gaban lambar fayau yake.